Ruwan da Bai Dake Ka Ba

Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Magana ce mai hikima a sha'anin zaman duniya, amma magidancin da ya ɗauke ta a zahirinta daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba yana iya yin da-na-sani. A waɗannan makonni, ruwan da ke kayar da katanga, ya cinye gona, ya tafi da mota, sau da yawa ba a kan mai ita ya sauka ba. Can wani gari ya zuba, ko a kan wasu duwatsu da ido ba ya hangowa, sannan ya biyo gangare ya iske mutane suna barci. Wannan gaskiyar ɗaya ce ga wanda ke zaune a gidansa a Hadeja da wanda ya kwashi iyalinsa ya tafi buɗe ido cikin hamada.

Lokacin kansa mai daɗi ne da wahala a haɗe. Marka ta kankama, sai a wuni ana yayyafi, wanki ya kwana biyu a kan igiya bai bushe ba. Gero ya fitar da kai, yara na jiran tumu, ana gasa ɗanyar masara a bakin titi, kwaɗon rama da na tafasa sun wadata. Amma rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, kwanon gero a kasuwa ya yi tsada. Makarantu na dogon hutu, saboda haka yara suna gida ko an kai su ƙauye wajen kakanni, kuma babu abin da ke jan hankalinsu kamar kududdufin da ya cika. A cikin wannan hutun ne kuma masu hali kan shirya tafiya, don yara su ga wani wuri kafin a koma aji.

Abin da ke sa sama ta yi tsanani a wannan lokaci ba ɓoyayye ba ne. Iska biyu ce ke karo a kanmu: mai danshi da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya mai zafi da ke saukowa daga Sahara. Iyakar da suke haɗuwa takan yi ta matsawa arewa tun daga bazara, har ta kai ƙarshen tafiyarta a cikin Agusta, ta wuce Agadas. A lokacin ne danshi ya fi yawa a samanmu. Hadari kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, gabas yake haɗuwa ya nufo yamma, ya turo iska mai ƙura a gabansa kafin ruwan ya kece. Wasu daga cikin waɗannan hadurra ba sa mutuwa a hanya. Sukan ratsa Mali da Senegal, su faɗa teku wajen tsibiran Kep Bade, su ƙara ƙarfi har su zama guguwar da ke aukawa tsibiran Karebiyan da gaɓar Amurka. Hadarin da ya yaye rufin kwano a Katsina yana iya zama kakan wadda za a ji labarinta a rediyo bayan mako biyu.

Sai dai babban abin lura a ƙasa yake. A watan Yuni ƙasa na da ƙishi, duk abin da ya sauka shanye shi take yi. Zuwa ƙarshen Agusta ta ƙoshi. Fadamu sun cika, madatsun ruwa sun kusa baki, saboda haka ruwan da a farkon damina zai nutse cikin dare ɗaya, yanzu gudu zai yi ya nemi kwari.

Mutanen Maiduguri sun ga haka a daren 9 ga Satumba wayewar 10, shekarar 2024, lokacin da madatsar Alau, mai nisan kimanin kilomita 20 daga birnin, ta ɓalle. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, har namun dajin gidan zu suka fito gari. Wannan madatsar ce dai ta yi irin haka a 1994. Kano ta ga nata a Agustan 1988 da madatsar Bagauda ta fashe. A 2012, ruwan da aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa Binuwai ƙarfi, ya yi ɓarna tun daga Adamawa har Lokoja. Mutanen Ringim da Auyo da Hadeja sun san cewa ruwan da ya sauka a ƙasar Kano, kogin Kano da na Challawa za su kawo musu shi bayan kwanaki, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe masa hanya. A Yamai ma, jan ruwan da ke cika kogin Kwara a Agusta da Satumba yawancinsa daga rafukan da suka taso daga Burkina Faso yake, irin su Sirba. A duk waɗannan wurare, mutum na iya kwanciya sama garau, ya farka tabarmarsa na yawo.

Ruwan da ya sauka a kan gida shi ma yana da tasa ɓarnar, sai dai shi a hankali yake ci. Ginin ƙasa ta sama da ta ƙasa yake shan ruwa: indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, ko kuma ya taru a gindin katanga ya jiƙa tushe. Tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumban 2024 bayan ruwa mai yawa, a shekarar da ambaliya ta sa Nijar ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Idan ginin da ya haura shekara 150 ya durƙusa, ɗakin da aka yi damina uku ba a yi masa yaɓe ba fa? Gini ba ya faɗuwa bai yi sallama ba. Sabuwar tsaga a bango, ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, danshi ya hau bango har gwiwa: duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin a daren nan, ko da a zaure za a kwana. Kwata da lambatun ƙofar gida kuwa, leda ce ke kashe su, kuma aikin gayya na safiya ɗaya ya isa ya buɗe su.

Akwai shirin da ba ya cin kuɗi. Takardun gida da na makaranta da katin asibiti a ƙulle su cikin leda, a rataye a sama. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA na bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke barazana gare su, gidajen rediyo kuma na karantawa da Hausa. Maigida da uwargida su tsayar da magana tun da rana: in ruwa ya shigo, wa zai ɗauki wane yaro, a kuma haɗu a wane tudu. Da dare, cikin duhu da kururuwa, ba a shawara.

Yara su san cewa zurfin ruwa ba shi ne kaɗai abin tsoro ba, gudunsa ne. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa na tafiya da yawancin motoci. Kududdufi kuma ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, bakinsa na iya zama iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum. Game da tsawa, a ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da ƙararta: kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ce. In an ji ƙarar, to aradu na iya isowa, a bar fili da gindin bishiya, kada a fito sai an yi rabin sa'a ba a sake ji ba.

Bayan ruwa ya janye, sauro ke karɓar aiki. Ƙwansa na zama sauro cikin kwana 10 zuwa mako 2, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara a ƙarshen damina. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012, wata-wata ake sha, kuma sai an cika kwanakinsa uku yake aiki sosai. Rijiyar da ambaliya ta shiga ta haɗu da masai, ruwanta sai an tafasa. In gudawa ta kama yaro, kafin a isa asibiti a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi.

Ikon Allah, ruwan nan da ke hana mu barci shi ne ke yi wa bakin hamada ado. Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut a Satumba zai ga filin da a bazara babu ko tsinke ya yi kore shar. A lokacin ne makiyaya, Buzaye da Fulani Wodaɓe, ke kora dabbobinsu zuwa filayen Ingal, yamma da Agadas, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri, a yi bikin da ake kira Cure Salée da Faransanci, da tseren raƙuma da kwalliyar samari. Agadas kanta makaranta ce ga yaro: hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsayin mita 27, da tsofaffin unguwanninta da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ga kuma Hausa ana yi a kasuwa kamar a gida. Arewa da ita akwai Dabus, inda mutanen zamanin dauri suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, shaidar cewa wurin ya taɓa zama dausayi. Cikin duwatsun Azbin akwai Timiya da lambunanta na lemo da rumman. Wanda bai son tsallaka iyaka, tuddan yashi da dausayin Tulo-Tulowa na nan a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe.

A nan ma karin maganar nan ke yaudarar baƙo. Hamada cike take da busassun kwaruruka da mutanen Nijar ke kira kori. Babu wurin da ya fi su daɗin yada zango: yashi mai laushi, inuwar bishiyoyi, ga kariya daga iska. Amma dutse ba ya shan ruwa, kuma babu ciyawar da za ta rage masa gudu. In hadari ya zuba a kan duwatsu masu nisan kilomita da yawa, duk ruwan a kori ɗaya zai taru, ya taho da itatuwa da duwatsu, alhali a inda kake taurari ne a sama. Haka ya faru a farkon Satumban 2009, lokacin da ruwan da ya sauka a Azbin ya cika korin Telwa, ya fasa shingen da ke kare Agadas, ya rusa dubban gidaje a garin da ruwan shekararsa duka bai kai na watan Agusta kaɗai a Kano ba. A Satumban 2024 kuma kudancin Maroko ya ga ruwan da ya cika tafkin Iriki, wanda ya shafe kusan shekara 50 a bushe. Saboda haka a kwana a kan tudu, komai kyan kwari. In an iske kori na gudu, a kashe mota a jira. Yakan sauka cikin sa'o'i, kuma mutanen wurin ma jira suke yi.

Ƙishirwa ita ce ɗaya fuskar. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Su neman abinci ya fitar da su, amma hamada ba ta tambayar abin da ya kawo mutum. Mai tafiya da iyali kada ya bar kwalta sai da ɗan jagora ɗan ƙasa da mota biyu. A tanadi aƙalla lita 5 ta ruwan sha ga kowane mutum a kowace rana, da ƙarin na kwana biyu. A gaya wa wani hanyar da za a bi da ranar dawowa. In mota ta mutu, a zauna a inuwarta, don mota ta fi mutum saurin ganuwa. Yaron da ya daina fitsari, ko ya yi laushi ya daina surutu, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Sha'anin tsaro kuma ya canza a yankin, wasu hanyoyin ba a bin su sai da izini da rakiya, don haka a fara da tambayar hukuma kafin a ɗaura kaya. Cikin hamadar Tenere sosai, inda ayarin gishirin Bilma ke ratsawa, tafiyar lokacin sanyi ce, ba ta yara a ƙarshen damina ba.

Da damina in an haɗu, gaisuwar ita ce, "Yaya ruwa?" a amsa, "Ruwa ya yi gyara." Haka ne, da shi gero ke nuna, da shi raƙuman Ingal ke ƙiba. Abin da ya rage shi ne, daga Agusta har agazari ya shigo, in baƙo ya sauka daga mota ko ɗan'uwa ya bugo waya daga wani gari, bayan an gama gaisawa a ƙara masa tambaya ɗaya: jiya a ina aka yi shi, kuma ina ya nufa?