Yaron Da Baƙaƙe Ke Yi Wa Gardama Ba Daƙiƙi Ba Ne

A makarantun firamare, daga Mararaban Rido har Kafanchan, akan sami yaro mai kaifin basira wanda ya iya lissafi da ba da labari, amma da an buɗe masa littafi sai ya yi turus. Sau da yawa akan bi shi da bulala, a ce lalaci ne. Alhali kuwa matsalar tana ga yadda ƙwaƙwalwarsa ke haɗa baƙi da sautinsa.

Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya laƙaba wa matsalar suna disleksiya a 1887. Daga baya Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka suka shimfiɗa hanyar koyarwa wadda ake bi har yau. Watau a ɗauki baƙi ɗaya, yaro ya gan shi, ya furta shi, ya zana shi da yatsa a yashi, kuma ba a wucewa gaba sai ya zauna masa. Rubutun Hausa na boko ya fi Turanci sauƙin farawa, don kusan kowane baƙi da sautinsa ɗaya.

Wanda abin ya tsananta gare shi yakan iya karatu daidai, sai dai a hankali, kuma matsalar takan bi shi har girma. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ya kamata makarantun horon malamai, irin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, su ba da ƙarfi wajen koya wa malamai gane irin waɗannan yara tun suna aji ɗaya.