Yaron da Bai San Gawo Ba

A kai yaron birni ɗan shekara goma bakin daji, a ce ya nuna kanya, ya nuna ɗinya, a ga yadda zai yi zuru. Wataƙila ya gane 'ya'yansu a tiren mai talla, amma itacen kam sai dai a gaya masa. Shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa manomi damina ta ƙarato, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba. Miƙa masa waya kuwa, kafin ka ƙifta ido ya shiga TikTok.

Iyaye sukan ce waya ce ta lalata yara. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ke da laifin ba. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma tun kafin ta zama ruwan dare an fara yanka filayen wasa ana sayarwa fuloti-fuloti, ana cike kududdufai ana gina shaguna, ana sare kuka da tsamiyar unguwa. Makarantun kuɗi da yawa a gidajen haya suke, ko inuwar darbejiya ɗaya babu a harabarsu. A karkara abin ya fi ciwo: dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku sun zama mafakar 'yan bindiga, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya tafi tsinkar magarya? Waya ta zo ne ta tarar da yaro an riga an rufe shi a ɗaki.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2005 wani marubuci ɗan Amurka, Richard Louv, ya fitar da littafi sukutum kan yaran ƙasarsa da suka daina fita waje. Shaida mafi ƙarfi kuwa daga likitocin ido ta fito. A manyan biranen Sin da Koriya ta Kudu da Taiwan, mafi yawan matasan da ke gama sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau. Bincike ya nuna hasken rana na taimakawa wajen hana ƙwayar idon yaro yin tsawo fiye da kima, wanda shi ne tushen matsalar. Shi ya sa a 2010 Taiwan ta umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje na awa 2 kullum, kuma matsalar ta fara ja da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana yana kallon waya ko talabijin. Mu da rana ke dukanmu kyauta, abin kunya ne mu jira wannan ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne ilimin da ke zubewa. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen itatuwa su sake tohowa a gonaki, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi. Da haka itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta a Nijar ba tare da dashe ba. Gawo ya fi shahara cikinsu, domin da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Wannan aiki sai wanda zai dubi ɗan tsiro a gindin kututture ya ce wannan gawo ne, waccan sabara ce, wancan kalgo. Waɗancan manoma wajen kiwo da bin iyaye gona suka koyi haka tun suna ƙanana, kuma da yawa cikinsu yanzu sun tsufa.