Hantar Kifi: Ma'aunin Tsabtar Ruwan Noman Rani

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwan Kogin Kano ne ke raya noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, kafin ya haɗu da Kogin Challawa a yankin Tamburawa da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Kudu. A wannan ruwa ne masuntanmu ke kama tarwaɗa da karfasa.

Ruwa kan kasance garau a ido alhali yana ɗauke da guba, amma jikin kifi ba ya ɓoye ta. Idan gurɓataccen abu ya shige shi, hantarsa kan ƙara samar da sinadarai masu wargaza guba, waɗanda masana ke kira enzayim.

Fitattu daga cikinsu su ne zuriyar P450, sunan da Omura da Sato na ƙasar Japan suka raɗa a 1962. Da yawansu ya ƙaru, sunaye suka cakuɗe, sai Daniel Nebert na Amurka da abokan aikinsa suka fito da tsari guda a 1987. Kamar yadda muke sanin mutum da danginsa da gidansu, haruffan CYP sunan zuriya ne, lamba tana nuna dangi, harafin da ke biye kuma yana nuna gida. Waɗanda ƙirarsu ta yi kama da fiye da kashi 40 cikin 100 dangi ɗaya ne, fiye da kashi 55 kuwa gida ɗaya.

Wanda aka fi aunawa a kifi shi ne CYP1A, wanda ke ƙaruwa idan baƙin mai ko tokar taya da roba suka shiga ruwa. Wani rukunin, mai suna GST, shi ke ɗaure ragowar gubar domin jiki ya fitar da ita. Da wannan suna na bai-ɗaya, ana iya kwatanta awon kifin Bunkure da na kowace ƙasa. Sai dai hauhawar CYP1A gargaɗi ne kawai. Gano ainihin gubar sai an auna ruwan.

Don haka muna kira ga manoma da su daina zubar da baƙin man injin ban-ruwa ko wanke injin feshi a magudanai. Duk wanda ya ga kifaye na mutuwa da yawa, ya gaggauta sanar da dagaci ko malamin gona, kuma kada a ci ko a sayar da su.