Saiwar Sanya da Ciwon Baya

Kwanan baya na raka kakata kasuwa a nan Gombe, domin ciwon gwiwa da na kwankwaso sun matsa mata. Mai magani ya ba mu saiwar sanya, wadda wasu ke kira uwar magunguna, ya ce a daka a kwaɓa da man kaɗanya a riƙa shafawa. Ta shafa, ta kuwa ji sauƙi. Sai na ce bari in binciki dalili.

Ashe cikin saiwar nan akwai wani mai mai ƙamshi, dangin asfirin da aka haɗa a Jamus a 1897. Irinsa ne ake sawa cikin man zafi na kanti. Watau yana kwantar da zogi, amma ba ya gyara gaɓar da ta goge. Shan saiwar kuwa haɗari ne, gama tana da dafi, in ta yi yawa tana kisa.

Yawancin ciwon baya yakan lafa da kansa cikin mako 6, muddin mutum bai lizimci kwanciya ba. To, sai a yaba wa maganin da aka yi na ƙarshe. Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, sai asibiti, domin ƙwayar tarin fuka ma takan ci ƙashin baya.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne malamai a ƙauyuka, mu za a riƙa tambaya. Kada mu rena na gargajiya, kada kuma mu bari ya hana mutum ganin likita.