«Wahaya»: kalma ɗaya gaban kotunan Ƙonni da kotun CEDEAO

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu duba yadda kundin tsarin mulkin ƙasa yake zama da dokar gamayyar ƙasashe idan suka haɗu gaban alƙali. Misalinmu shi ne shari'ar Hadijatu Mani, wadda ta faro a Birnin Ƙonni, lokacin da Malbaza take cikin gundumar Ƙonni, kafin ta zama gunduma a 2011.

2. Kalmar da ake gardama a kanta

A ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela, wahaya ita ce macen da aka saya aka ajiye a gida bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Takardun shari'a na faransanci sun kira ta «sadaka». A ganinmu sa-ɗaka ake nufi, wato ƙwarƙwara. Rashin lanƙwasar ɗ ya sa kalmar ta yi kama da sadakar neman lada. Tambayar da kotuna suka fuskanta ta ma'ana ce: wahaya matar aure ce ko baiwa?

3. Amsar kotunan ƙasa

An sayar da Hadijatu a 1996, tana da shekara 12, kan sefa 240.000. A 2005 ubangijinta ya ba ta takardar ƴantarwa, amma ya ce matarsa ce. Cikin Maris 2006 kotun al'ada ta Ƙonni ta ce babu aure, tun da ba a cika sharuɗɗansa ba. Cikin Yuni babbar kotun Ƙonni ta soke wannan hukunci bisa hujjar al'ada. Kotun ƙoli ta rushe hukuncin na biyu cikin Disamba, amma ba ta taɓa maganar bauta ba. Da Hadijatu ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata 6 a 2007 kan laifin aure kan aure.

Mu lura cewa tsarin mulkin 1999 ya hana bauta, dokar 2003 ta mai da ita babban laifi, kuma dokar 2004 ta ce a yi aiki da al'ada ne kawai in ba ta saɓa wa doka da yarjejeniyoyin da Nijar ta amince da su ba.

4. Amsar kotun CEDEAO

Kotun ta zauna a Yamai, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008. Wakilan gwamnati sun ce sai an ƙure kotunan gida tukuna. Kotun ta ce ƙa'idar 2005 da ta buɗe wa talaka ƙofarta ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Ta kuma bayyana cewa ita ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan alƙalan Nijar, don haka ba ta soke hukuncinsu ba. Abin da ta ce shi ne: wannan bauta ce, kuma alƙalin da ya gan ta wajibi ne ya tayar da maganar ko ba a roƙe shi ba. Ta umarci ƙasa ta biya diyyar sefa miliyan 10.

5. Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, a wannan shari'a saɓanin yana tsakanin al'ada da tsarin mulki ne, a cikin gida. Kotun gamayya ta tuna wa Nijar abin da ta rubuta da hannunta. Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Saboda haka nauyin kiran wahaya da sunanta na gaskiya ya ƙara komawa kan alƙalan gida, da tafintocin da ke juya maganar masu ƙara daga hausa zuwa faransanci.