Ciwon ya lafa, to haƙorin ya warke ke nan?

Idan kana da kogo a haƙori amma kana ɗage zuwa asibiti, wataƙila ɗaya daga cikin tambayoyin nan ce ke riƙe ka. Kafin mu amsa su, bari mu ga abin da ke faruwa a bakin.

Duk lokacin da ka sha shayi mai zaƙi, lemon kwalba ko alawa, ƙwayoyin bakteriya da ke manne a haƙori suna cin sukarin, su fitar da asid. Asid ɗin ne ke narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali. Wannan ɓawo ba shi da jijiya, shi ya sa ba ka jin komai da farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ramin zai kai ga ɓangare mai laushi da ke ƙarƙashi, ka fara jin tsami in ka sha ruwan sanyi, daga nan ya isa tsakiya inda jijiya da hanyoyin jini suke.

Ba tsutsa ba ce?

A'a. Wannan tunani daɗaɗɗe ne, tun mutanen Babila suna da shi. A 1890 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Willoughby Miller, ya nuna cewa aikin bakteriya ne da asid. Don haka turare ko ɗigon da aka ce yana fito da tsutsa ba zai toshe rami ba. Ruwan batir kuwa, ko danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona nama kawai suke yi.

Aikin zai yi zafi?

Ana fara yin allurar kashe zafi a dasashi, galibi lidoken. Za ka ji tsinin allurar na 'yan daƙiƙu, sai wurin ya mutu. Bayan haka motsi da ƙarar inji za ka ji. In ka ji zafi, ɗaga hannu a ƙara maka. Leɓe kan yi nauyi na 'yan awanni, saboda haka kada ka ci abinci mai zafi sai ya saki.

Dole sai an cire?

Ya danganta da lokacin da ka je. Farin tabo na farko na iya farfaɗowa da man goge baki mai fuloraid. Idan rami ya buɗe, a kankare ruɓar a yi ciko, sau da yawa a zama ɗaya. Idan ya kai jijiya, a cire jijiyar a wanke saiwar a toshe, haƙorin ya zauna. Sai wanda ya ragargaje ake cirewa. Ka ga ke nan, jinkiri ne ke ƙara wahala da kuɗi.

Cire haƙorin sama yana taɓa ido?

Jijiyar gani daban take da wadda ke kai wa haƙora ji, kuma cire haƙori ba ya taɓa ta. Abin tsoro shi ne mugunyar da aka bari, domin tana iya yaɗuwa zuwa kunci har gefen ido.

Ina da juna biyu fa?

Ana yi wa mai ciki ciko da allurar kashe zafi. Ki dai gaya wa likita watanninki da magungunan da kike sha. Tsakanin wata 4 zuwa 6 zaman kujera ya fi sauƙi, amma ciwo mai tsanani ko kumburi ba ya jiran haihuwa.

Amma ai ya daina ciwo

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Haƙorin da ya hana ka barci, kwatsam ya yi shiru, mai yiwuwa jijiyarsa ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, suna gangarawa saiwa, su tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis na iya kwantar da abin na ɗan lokaci, amma ba sa cire tushensa.

Idan ka ga kumburi a fuska ko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Idan kuwa ɗan tsami ne kawai kake ji in ka sha ruwan sanyi, yanzu ne lokacin da ciko kaɗai zai wadatar.