Karta Ta Koma Cikin Na'ura: Ina Makomar Masu Sayar Da Ita?

INUGU — A ranar 5 ga watan Yuni na shekarar 2020, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wani kundi mai suna Clubhouse Games, wanda ya tattara tsofaffin wasanni guda 51, ciki har da karta iri-iri da ludo, domin na'urarsa ta Switch. Kundin ba sabo ba ne ɗungurungum, domin kuwa tun a shekarar 2005 kamfanin ya fara sayar da irinsa a kan ƙaramar na'urar DS. Amma da aka sake masa riga, sai ga shi an sayar da fiye da kwafi miliyan 4, a kan farashin kimanin dalar Amurka 40 kowane ɗaya.

Wannan ciniki bai ba masu sanin tarihin kamfanin mamaki ba. A shekarar 1889 ne Fusajiro Yamauchi ya kafa Nintendo a birnin Kyoto, kuma sana'arsa ta farko ita ce buga kartar gargajiya mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Ke nan abin da kamfanin ya yi shi ne komawa rumbun kakanni ya ɗebo tsohon iri, ya shuka a sabuwar gona.

Lamarin ya shafi 'yan kasuwarmu na kurmi kai tsaye. A unguwar Uwani da kasuwar Ogbete a Inugu, da babbar kasuwar Anacha, da zangon Hausawa na Fatakwal, karta na cikin ƙananan kayan da 'yan tireda da 'yan koli ke ajiyewa tare da batir da ashana. Wadda ta fi karɓuwa ita ce Whot. Wani Baturen Ingila mai suna William Storey ne ya ƙirƙiro ta, aka yi wa sunanta rajista a shekarar 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta. Ƙunshinta kati 54 ne masu alamu biyar, wato da'ira da alwatika da kuros da murabba'i da tauraro, sai katin Whot mai lamba 20. 'Yan Nijeriya kuwa sun ɗora mata nasu dokoki: mai lamba 2 ya sa na gaba ya ɗauki biyu, mai lamba 14 ya tura kowa kasuwa.

Ribar da ke cikin ƙunshi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne takarda tana tsufa, kati yana ɓacewa, mai saye kuma yana dawowa. To, wannan dawowa ce take cikin haɗari.

Sai dai ba Nintendo ne abokin hamayyar ɗan tireda ba. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 a cikin shekarar 2024. A wannan lissafi, kundin dala 40 ya kai naira 60,000, ban da kuɗin ita kanta na'urar. Haka nan masu gidajen wasan bidiyo, waɗanda suka dogara da janareta, sun ji jiki bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Ainihin ƙalubalen yana cikin aljihun mai saye. Akwai manhajojin Whot da dama da ake saukewa kyauta a wayar hannu. Mai manhajar yana samun kuɗinsa ta hanyar tallace-tallace, kamfanin Google yana yankar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka saya a ciki, kamfanonin sadarwa kuma suna cin kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. A duk wannan rabo, babu kason ɗan tireda.

Duk da haka takarda tana da nata ƙarfi: ba ta buƙatar caji ko data, kuma ƙunshi ɗaya ya ishi majalisa guda. Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai ci gaba da ajiye ta, amma ba zai zuba jari mai yawa a kanta ba. Zai haɗa da caja da katin waya, domin duk inda mai wasa ya karkata, ya tarar da shi.

Akwai kuma batun caca, wadda wasu manhajoji ke shigo da ita. Musulunci ya haramta ta, kuma a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ikon tsara harkarta na hannun jihohi ne. Saboda haka dokar Inugu daban, ta Kano daban.

Babban darasin shi ne na mallaka. Wanda ya riƙe suna da rajista shi ke cin moriyar tsohon wasa. Ga dara nan a ƙasar Hausa tana jiran mai jari da matasa masu ilmin kwamfuta da za su shigar da ita kasuwa, kafin wani ya zo daga waje ya sayar mana da kayanmu.